Baƙin Tantina da Baƙonku na Kwana Uku

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Kamfanin Inshora na Nakhlatain,
Bene na Tara, Amman.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ake yi wa manya, da fatan kana lafiya, iyali lafiya, motarka lafiya, na'urar sanyaya ofishinka ma lafiya. Ina fata kuma dukansu suna da inshora, don na fahimci cewa abin da ba shi da ita, a wurinku kamar Allah bai halicce shi ba ne.

Ni ce Wadha 'yar Suwailim, wadda ake kira Umm Mifleh, mai baƙin tanti a gindin dutsen Umm Sidra, bayan Disi. Ba ka san ni ba, amma ka san lambata, ita ce a kan takardar da kuka aiko mini makon jiya da jan hatimi. 'Yata Nofa, malamar makaranta, ita ke rubuta abin da nake faɗa. Na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. In ka ga wani wuri ladabi ya yi yawa, to hannunta ne.

Ga abin da ya kawo ni ƙofarka. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun rasuwar maigidana Abu Mifleh, nake sauke masu yawon buɗe ido a tantin nan. Su ci, su sha shayi, su kwanta a darduma, da safe su ɗauki hoton awakina su tafi. Da shi nake ci, kuma saboda shi aka bar ni a wurin, tunda yanzu ba a yarda kowa ya kafa turke a kwarin nan sai mai lasisi. Bana sai ofishin lasisi ya ce ba sabuntawa sai da takardar inshora. Lasisina zai mutu ƙarshen wata, saura kwana goma sha tara. In ya mutu, tanti zai tashi. Ɗana Mifleh, da ke tuƙa babbar mota a tashar jiragen ruwa ta Akaba, ya riga ya share mini ɗaki a bene na uku, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabci. Na taɓa kwana biyu a ɗakin nan, na ji kamar akuyar da aka ɗaure a bayan mota. Ba na so. Na faɗa masa, yanzu kuma ina faɗa maka.

Don haka muka nemi inshorarku. Mifleh ya kawo fom ɗinku mai shafi goma sha huɗu, Nofa ta karanta mini shi tun daga kai har gindi. Ina roƙon izini in gabatar da 'yan abubuwan da suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwar tsohuwa.

Na ɗaya. Kun tambayi ranar da aka sayi tantin, kun kuma ce a haɗo da rasit. Ranka ya daɗe, ba a sayi tantin nan ba. Falle bakwai ne na gashin akuya, ni na saƙa shida. Kowace shekara in an yi wa awaki aski sai in kaɗa gashin, in kafa masaƙa a ƙasa, in saƙa falle ɗaya, in cire wanda ya fi tsufa in ɗinka sabo a gurbinsa. Haka uwata ta yi, haka uwarta ta yi. To wace rana zan rubuta? Ta bara, ko ta shekarar da kakata ta fara? Falle na bakwai kuwa, na tsakiya, uwata ce ta saƙa shi a shekarar da ta rasu, kuma ban cire shi ba, ba zan cire ba. Rasit ɗinsa yana wurinta. In kamfaninku na da hanyar karɓowa, don Allah ku gaishe mini da ita.

Na biyu. Kun nemi adireshi: sunan titi, lambar gida. Na ce Nofa ta rubuta cewa da sanyi muna gefen dutse da rana ke bugawa, da zafi muna gefen inuwa. Aka dawo da fom, wai wannan ba adireshi ba ne. Amma da shi Jamusawa ke samun mu, da shi 'yan Japan ke samun mu, ko mai sayar da gas bai taɓa ɓata ba.

Na uku, maganar kwaɗo. Kun ce ba ku biyan sata sai an nuna shaidar cewa ɓarawo ya karya kwaɗo. A ina zan rataya shi? Tantin nan ba shi da ƙofa. Bango ɗaya gare shi, labule ne, muna juya shi duk inda iska ta fito, gaban kuwa a buɗe yake tun kafin a haife ni. Na tambayi Mifleh ko za mu sayi ƙofar ƙarfe mu kafa ta a yashi ita kaɗai, mu kulle ta, mu riƙa zagaye ta muna shiga. Ya ce, "Yumma, uwata, don Allah kada ki ba su shawara, sai su sa a cikin fom na baɗi." Duk tsawon rayuwata abu ɗaya aka taɓa sace mini a tantin nan, buhun sha'ir, kuma na san ɓarauniyar. Taguwar maƙwabcina ce.

Na huɗu. Kun ce kowace shekara darajar tanti na raguwa da kashi ɗaya cikin biyar, ta yadda bayan shekara biyar ba shi da daraja ko ta ƙwandala. Ni shekarata sittin da uku. Ina roƙo kada a faɗa wa 'ya'yana wannan lissafi.

A wannan shafin ne kuma kuka zo kan kayan tanti. Kun yarda ku yi wa tukunyar gas inshora, da fitilu huɗu masu caji da Mifleh ya sayo, da katifun soso goma, saboda suna da rasit. Turmin da Abu Mifleh ya shekara talatin yana daka gahawa a ciki, wanda in ya buga shi har daga bayan dutse ake jin kiran, kun rubuta shi a matsayin "tsohon katako". Butocin gahawa uku na tagulla kun ce a auna su a sikeli. Wato abin da kuka ɗauki nauyinsa shi ne abin da in ya ƙone gobe ba wanda zai yi kuka. Katifun soson nan, ni da kaina na sha yin addu'a Allah ya kawo mai sace su.

Na biyar. Kun rubuta cewa ba ku biyan ɓarnar da ta faru "da ikon Allah". Na sa Nofa ta maimaita mini wannan layi sau uku. Ranka ya daɗe, ni ban yi makaranta ba, ku kuka yi. Ka taimaka ka faɗa mini, sauran abubuwan da ikon wa suke faruwa? Ko akwai wani jerin masifu da ke zuwa ta wata hanya daban, wanda kamfaninku kaɗai ya san da shi? In akwai, a aiko wa limaminmu kwafi, don jiya na tambaye shi ya ce bai taɓa ji ba.

Ban kawo wannan don neman magana ba. Maƙwabcina Hammad, mai taguwar nan, ya bi shawararku tun bara. Ya naɗe tantin gidansu, ya kafa fararen rumfuna na roba guda shida, kowace kamar rabin ƙwai, da ƙofa, da kwaɗo, da rasit, da takardarku a jikin firam. Har ya zo yana yi mini wa'azi: "Umm Mifleh, zamani ya wuce gashin akuya. Ni yanzu ko sama ta faɗo, akwai mai biya." To, watan jiya saman ta faɗo. Ranar wata Talata da la'asar iska ta taso daga yamma, ƙanƙara ta biyo, ruwa ya biyo bayanta. Da idona na ga rumfuna huɗu na Hammad sun tashi suna mirgina a kwari, ɗaya har da katifa a ciki, kuma duk a kulle suke. Nawa tantin, da ya jiƙe sai gashin ya kumbura, saƙar ta haɗe, ko ɗigo bai sauko ba. Na ƙara wa igiyoyi duwatsu na koma na zauna. Hammad da baƙinsa tara a wurina suka fake. Da ya je neman diyya sai kuka nuna masa layin nan na ikon Allah. Yanzu in an ambaci inshora a gabansa sai ya tashi ya ce zai duba taguwa.

Na shida, kuma shi ne ainihin abin da ya hana ni cin abinci da daɗi.

A ranar ruwan nan, kafin magariba, wani mutum ya ɓullo da ƙafa daga wajen kwari. Ya jiƙe sharkaf, takalminsa na birni ƙafa ɗaya ya ɓace, yana rungume da jaka a ƙirji, haƙoransa na kaɗawa. Motarsa ta nutse a laka. Na ce masa, "Shigo, ɗana, gidanka ne." Na ciro farwar Abu Mifleh, rigar sanyinsa mai gashin rago a ciki, wadda ban bari ko Mifleh ya saka ba tun rasuwarsa, na yafa masa. Hammad ya zuba masa gahawa. Ya sha finjali uku, ya manta ya girgiza finjalin don a san ya ƙoshi, ya sha na huɗu, ba wanda ya yi masa dariya a fili.

Wataƙila a bene na tara an manta, don haka bari in tuna maka. Mu nan ba mu tambayar baƙo sunansa, ko daga ina, ko me ya kawo shi, sai ya cika kwana uku. Abin kunya ne. In kana so a yi shekara ana zunɗenka a wurin biki, to ka tambayi wanda ya shigo a jiƙe ko shi wane ne. Ban tambaya ba. Shi ma bai faɗa ba.

Ruwa ya yanke hanya, ya kwana uku a wurinmu. Na yanka masa ɗan akuya. Na gasa masa gurasa a toka. Zazzaɓi ya kama shi, na dafa masa ganye na ba shi. A rana ta biyu da ya ji sauƙi, sai ya fara tambaya, ni kuma raina ya yi fari, don 'ya'yan yanzu ba mai tambayar tsohuwa komai sai inda ta ajiye caja.

Ya ce, "Hajja, wutar nan a cikin tanti, kuna kashe ta kuwa?"

Na ce, "Kashewa? Allah ya kiyaye! Murhun nan bai huce ba tun ranar da aka kafa tantin. Hayaƙin ma shi ke ƙara wa gashin ƙarfi."

Ya ce, "Masha Allah." Ya rubuta. Ya ce, "Baƙin da ke shigowa fa, ana rubuta sunayensu?"

Na ce, "Haba ɗana, kai an rubuta naka?"

Ya yi 'yar dariya, ya rubuta. Ya ce, "Tantin kuma a nan yake kullum?"

Na ce, "Dutse ne shi? Sau biyu muke tashi a shekara, in na ga dama sau uku."

A rana ta uku ya ciro abin awo daga jakarsa yana auna tantin tsawo da faɗi. Ni na riƙe masa ɗaya bakin. Na ɗauka mai son saƙa ne, ko yana so ya yi wa uwarsa kwatance. Har na ja shi na nuna masa fallen tsakiya, na sa ya taɓa, na ce hannun uwata ne, ya fi shekara ashirin. Ya shafa, ya ce, "Allah ya ji ƙanta, Hajja." Na ga idonsa ya kawo ruwa. Wannan ma ya rubuta.

Da hanya ta buɗe, Hammad ya ja motar baƙon da tarakta. Safiyar na da sanyi, na ce ya tafi da farwar, ya dawo da ita in ya sami hanya. Ya sumbaci kaina ya tafi.

Makon jiya takardarku ta iso. Nofa ta karanta: an ƙi. Dalilai: wuta a buɗe dare da rana, babu ƙofa, babu tsayayyen wuri, wani ɓangare na rufin ya haura shekara ashirin. Sai na ƙarshe, wanda na sa ta karanta har ta gaji: "Mai tantin na shigar da mutanen da ba ta sani ba, tana kwanar da su ba tare da ta tambayi ko sunansu ba. Na shaida wannan da idona." Sa hannu: Ustaz Nizar, jami'in tantancewa.

Ashe sunansa Nizar. Na gode da kuka sanar da ni.

Ranka ya daɗe, ina da tambaya, kuma ina yin ta cikin ladabi. Mutumin da ba a sani ba ɗin nan, wanda aka shigar ba a tambayi sunansa ba, wane ne? Da na bi dokarku a ranar Talatar nan, na tsayar da shi a ruwa na ce ya kawo katin shaida da hoto biyu, wa zai rubuto muku rahoton? Kuma da ya mutu a kwari, iyalinsa za ku biya, ko shi ma ikon Allah ne?

Ba na cewa ya yi ƙarya. Ko harafi ɗaya bai ƙara ba, duk ni na faɗa masa da bakina, ina alfahari. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Duk abin da na ɗauka shi ne mutuncin gidan nan, ashe a takardarku sunansa laifi. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa. Hammad ya ce, "Ai ke kika riƙe masa abin awon, Umm Mifleh." Na ce ya je ya nemo rumfunansa.

Mifleh ya zo ranar Juma'a da kwalaye a bayan mota. Ya ce, "Yumma, ki yi haƙuri, mun yi iya yinmu. Gidan Akaba akwai ruwan famfo, akwai asibiti kusa, kuma yana da inshora."

Na ce, "Wace iri?"

Ya ce, "Ta gobara, da ta sata, da ta ruwa."

Na ce, "Ta tsohuwar da aka kulle a bene na uku fa, in ta bushe a zaune, a wane shafi take?"

Na ce to ga turke nan, ya fara cirewa. Ya je ya tsaya a kan turken farko, wanda ubansa ya fere da hannunsa. Ya daɗe a tsaye. Sai ya dawo ya zauna ya ce in ba shi shayi. Kwalayen na nan, awaki sun cinye biyu.

To ga inda muke, ranka ya daɗe. Buƙatata ɗaya ce, kuma ba ta kai nauyin alƙalaminka ba: ka sa hannu. Ba na neman ku biya ni komai har abada. In tantin ya ƙone zan saƙa wani, in iska ta yaga shi zan ɗinke, in hannuna ya gaza matan dangi za su taru, haka muke yi tun kafin a haifi kakan kamfaninku. Ku karɓi kuɗinku kowace shekara, ku ba ni takardar, ni kuma na yi alkawari ba za ku sake jin sunana ba. Na tambayi Hammad, ya ce ai dama haka sana'ar take, ni ce dai ta farko da ta yarda da hakan tun daga farko.

In kuwa ba za ka sa hannu ba, to akwai wata 'yar matsala da ya kamata ka sani. In lasisi ya mutu, dole wani ya zo ya cire turaku. Ni ba zan cire ba. Ɗana ya gwada ya kasa. Ma'aikatan ofishin lasisi 'ya'yan kwarin nan ne, ba ɗaya a cikinsu da bai sha gahawa a tantin nan ba, kuma a wurinmu wanda ya sha gahawar gida ba ya ɗaga hannu a kan gidan. Babbansu ya riga ya ce ranar yana da ciwon baya. Ustaz Nizar ma kada ku wahalar da shi, ya ci ɗan akuyana, ga farwar maigidana a kafaɗarsa. Ka ce masa ya riƙe ta har sanyi ya wuce. Ba zan kai ƙarar sata ba, tunda ba a karya kwaɗo ba.

Saura kai, ranka ya daɗe. Kai kaɗai ne a duk wannan magana ba ka taɓa shan komai a hannuna ba. Don haka in tantin uwata zai faɗi, ka zo da kanka ka cire turken farko, ina so in ga fuskar mai yin. Ba za ka ɓata ba, yanzu muna gefen da rana ke bugawa. Za ka same ni a bakin masaƙa, na kafa fallen bana jiya. Kwana arba'in yake ci, na san kwana goma sha tara kuka bar mini, na dai kafa.

Sai dai amana ta sa in gargaɗe ka, tunda ku ma kuna rubuta gargaɗinku, ko da yake da ƙananan haruffa. Daga Amman zuwa nan tafiyar awa huɗu ce, ƙarshenta yashi. Za ka iso a gajiye, maƙogwaronka a bushe. Za ka tarar da wuta a kunne, buta a kai, ba ƙofar da za ta tsayar da kai. Wata tsohuwa za ta ce maka, "Shigo, ɗana, gidanka ne," ta miƙo maka finjali, kuma ba za ta tambayi sunanka ba.

In ka zo cire turke ne, kada ka karɓa. Har yau dai ban ga wanda ya iya ƙin karɓa ba.

Allah ya ƙara girma, ya tsare ka daga duk abin da ke faruwa da ikonsa, da ma wanda kamfaninku ke biya.

Taka mai biyayya, wadda darajarta ta ƙare tun tana 'yar shekara biyar,

Wadha 'yar Suwailim, Umm Mifleh,
Baƙin Tanti, Gindin Dutsen Umm Sidra.
(Da dangwalen yatsanta. Ni Nofa na rubuta, kuma ban gyara komai ba.)